Itacen da Baffa Ya Aiko

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce da girmamawa daga 'yarka. Ko da yake kai da marigayi Baba 'ya'yan wa da ƙani ne, ni ban taɓa sanin wani baffa da ya wuce ka ba. Ina fata kana lafiya, kai da Goggo. An ce mini ciwon suganta ya lafa, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai 'yar mura da sanyin ɗakin aiki ya jawo mini.

Na san ina da laifi. Shekara shida ke nan tun rasuwar Baba ban leƙo ba, ban rubuto ba. A makon jiya na kira, Goggo ta ɗauka, ta ce ƙarar injin yankan katako ta cinye maka kunne, ba ka jin magana a waya, amma in ka sa tabarau idonka ras. Shi ya sa na koma ga biro da takarda.

Ga abin da ke tafe da ni, kuma don Allah kada ka yi dariya. A cibiyar binciken da nake aiki, ƙwari nake kiwo. Wani irin baƙin ƙwaro ne mai tsawon yatsa, bakinsa kamar awartaki. Shekara uku da suka wuce aka sare kurmin da suke zaune za a yi hanya, muka tsinto guda tara da rai. Daga su na samu tsutsotsi sittin da huɗu, farare, masu kauri, kowace a cikin kwalbarta. Ba mu san wani wuri da irinsu suka rage ba.

Tsutsar nan ba ta cin komai sai itace, kuma ba kowane itace ba. Sai na bishiya mai faɗin ganye da ƙarfin jiki, wadda ta faɗi ta daɗe a ƙasa, naman gwari ya cinye ƙarfinta har cikinta ya yi fari ya yi laushi. Wurin da ake samo mana shi masu gawayi sun ƙone shi ƙurmus. Abin da ya rage mini ba zai wuce wata ɗaya ba. Na zaga kasuwar katako, suka riƙa kallona kamar mai taɓin hankali.

Baffa, ban san wanda ya san itace kamar kai ba. Ko za ka duba mini a wajenku?

A gaida Goggo.
'Yarka.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Goggonki ta sa na karanta mata, har maƙwabta ma suka ji, tunda yanzu ban san ƙarfin muryata ba. Lafiyarmu ƙalau, sai gwiwa, ita kuwa ta tsufa ce. Murar nan ki kula da ita, ki riƙa sa rigar sanyi.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɗan sosu. Shekara shida shiru, ranar da aka tuna da ni kuma sai don a sa ni tsintar shara. Shekara arba'in da ɗaya ina kafinta, ina yaƙi da gara da ruɓa, ban taɓa barin ruɓaɓɓen katako ya kwana a shagona ba. Na faɗa wa Goggonki haka, ta ce, "To ka amsa mata da cewa ba za ka iya ba." Na ce, "Wa ya ce ba zan iya ba?" Ta yi dariya ta shige ɗaki. An ce zumunci a ƙafa yake. Naki ya zo a kan tsutsa, na karɓa a haka.

Jiya da safe na gangara bakin rafin da ke bayan gari. Na samo iri uku, na rubuta wa kowane lamba da fensirin aiki. Na ɗaya ja ne, yana farfashewa gida-gida kamar gawayi. Na biyu fari ne, in kin matsa shi yana lotsawa kamar soso, yana yagewa zare-zare. Asalinsa irin itacen da muke yin madogarar ƙofa da shi ne, wanda kan dakushe zarto, ga shi yau da farce na yage shi. Na uku na bishiya mai ƙaro ne, da baƙar fumfuna a jikinsa.

Na ba direban da ke kai katako garinku, zai ajiye miki a bakin ƙofar ma'aikatarku. Ki duba ki gaya mini. Ni dai duk ukun shara nake gani.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwar da sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun nan, a tsaye nake yin sa, direba yana jira a waje yana danna oda.

Lamba biyu ne! Shi ne daidai. Na shinshina shi, ƙamshin ƙasa bayan ruwa yake yi. Na gutsura wa tsutsa ɗaya, kafin la'asar ta nutse a ciki. Jan ba shi da amfani, abin da suke ci ya riga ya ƙare a jikinsa. Mai ƙaron kuwa guba ne a gare su.

Buhu uku nake so, in zai samu, cikin mako biyu. Wasu kwalaben sun fara zama fayau, tsutsotsin suna zagaye suna neman abinci. Abu ɗaya kawai: ka fasa shi sosai kafin ka zuba a buhu, kada shanshani ko tururuwa su biyo shi, don suna cinye mini tsutsa.

Allah ya saka da alheri.
'Yarka.

*

Baffa,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Goggo. Murata ta warke sarai.

Buhu uku sun iso shekaranjiya, an yanka su gunduwa-gunduwa, tas da su, ko tururuwa ɗaya ban gani ba. Aikin gwani ba ya ɓuya. Ban ga takarda a ciki ba, direba ya ce ya baro ka kana rubutu, shi kuma yana sauri.

A ƙa'ida nakan jiƙa itace a ruwa yini guda kafin in ba su. Wannan karon ban tsaya ba, yunwa ta yi musu yawa. Na ɗan ji wani wari-wari, amma buhunan a kusa da jarkokin man mota suka yi tafiya, na san shi ne. Na marmashe na cika wa guda arba'in da ɗaya kwalabensu. Sauran ashirin da ukun suna da ɗan tsohon abinci, sai mako mai zuwa.

Shugabar sashenmu ta shigo ta ɗaga gunduwa ɗaya ta ce, "Ina kika samo wannan?" Na ce, "Baffana ne, kafinta ne." Ta ce, "Ki riƙe shi hannu biyu." Na daɗe ban yi numfashi mai daɗi irin na yau ba.

'Yarka.

*

'Yata,

Ina fata kina lafiya, murar ta tafi. Mu ma muna nan ƙalau. Direban nan ba shi da haƙuri, ya tashi kafin in gama rubutu, don haka zan kai wannan gidan waya. Wataƙila buhunan su riga ta isowa.

Na yi yadda kika ce. Na sa mai amalanke ya jawo mini gungumen mai lamba biyu har tsakar gida, na yanka shi da zarto don ya shiga buhu. Sannan na fesa shi sosai. Ban yi miki ha'inci da maganin kanti ba, na ɗauko na ainihi, wanda nake shafa wa katakon rufi, wanda gara ba ta kusantar sa shekara ashirin. Sau biyu na fesa, ciki da waje, har sai da ya sha. Itacen da laushi, ya tsotse shi kamar soso. Na shanya shi a inuwa kwana huɗu don warin ya fita, kada ya dami direba.

Goggonki ta tsaya a kaina ta ce, "Anya abin da zai kashe shanshani ba zai taɓa tsutsar ba?" Na ce mata, "Yarinyar nan digiri biyu gare ta a kan ƙwari, ke za ki koya mata? Ta san abin da ta rubuta." Ki kwantar da hankalinki, ko ƙwan tururuwa ba zai rayu a itacen nan ba.

In kina son ƙari, ki yi magana. Na daɗe ban yi aikin da aka jira shi ba.

Baffanki.

*

Baffa,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba zan ce ina lafiya ba.

Takardarka ta iso yau, kwana tara bayan buhunan. Kwana biyar ke nan ina neman dalili ban samu ba. Tsutsa mai lafiya ba ta fitowa sama. Nawa kuwa sai na zo da safe in tarar da su kwance a saman kwalba, jiki ya saki, bayan ya fara baƙi. Na zargi sanyin ɗaki, na zargi ruwa, na zargi hannuna. Ban taɓa zargin itacen ba, saboda daga hannunka ya fito. Har ƙara musu na yi shekaranjiya.

Fasa na ce, Baffa. Ka fasa shi, ka tsaga shi da gatari ka duba cikinsa. Wa zai fesa maganin ƙwari a abincin ƙwari? Goggo ma da ba ta karanta komai a kai ba ta gane, ka rufe mata baki.

Ina gama karantawa na ɗauki cokali na riƙa tono su ɗaya bayan ɗaya, ina wanke su da ruwa. Goma sha bakwai sun riga sun mutu. Sauran na zuba su cikin ragowar tsohon abinci, wanda yanzu ba zai kai mu mako uku ba. Shugaba ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kwalaben da na kifa, ta ce, "Aikin shekara uku ne wannan." Ta juya ta fita. Da ma zagina ta yi.

Baba ya sha faɗa cewa ba ka sauraren kowa, tun kafin kunnen ya tafi. A da ina ganin son zuciya ne. Da na sani da na bar ka inda kake.

Kada ka sake aiko komai.

*

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kai da Goggo, don ban da wata hanyar sani. Mako uku ke nan shiru. Na kira wayar Goggo ya fi sau goma, a kashe take. Na tare direba a tasha, ya ce tun kwanaki shagonka a rufe yake, maƙwabcinka tela ya ce bai san inda kake zuwa ba. Baffa, in ba ka son magana da ni na yarda, amma ka sa wani ya rubuto kalma ɗaya cewa kana nan.

Ga abin da ya kamata in duba kafin in buɗe baki. Littafin da na yago takardar neman buhu ukun daga ciki yana nan, sawun biro ya fito a shafin da ke ƙasa. Na goga fensir a kai, rubutun ya bayyana. Na miƙa wa abokiyar aikina ban gaya mata dalili ba, na ce ta karanta layin. Ta karanta da ƙarfi, "Ka fesa shi sosai." Na ce ta sake dubawa. Ta kai shi bakin taga ta ce, "Fesa ne mana, ga shi nan."

Hannuna ne. Kuma ni ce na ji wari na ce man mota ne, ni ce na tsallake jiƙawa don sauri. Na je ofishin shugaba na faɗa mata haka, na ce a rubuta a rahoto cewa kuskurena ne, kada sunan kowa ya shiga. Ta ce za a rubuta. Ta kuma ce in abinci bai samu ba zuwa ƙarshen wata, za a kwashe abin da ya rage a kai wata cibiya mai nisa, a ba wani. Ni kuma a mayar da ni ɗakin ajiyar takardu.

Cikin arba'in da ɗayan nan, uku ne suka rayu. Yanzu ashirin da shida gare ni, ina auna musu abinci da cokali.

Ba don itace na rubuto ba. Maganar da na jingina wa Baba, ya faɗe ta ne sau ɗaya cikin fushi, a kan rufin wani ɗaki da kuka yi gardama, kuma washegari na ji shi yana cewa kai ne da gaskiya. Wannan rabin na ɓoye, na jefe ka da ɗayan. Ka yafe mini.

'Yarka, in har ka yarda.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ina nan da rai. Goggonki ma lafiya lau, ita ce ta kashe wayar, ta ce ba ta da abin faɗa miki. Ni ƙafar hagu ce ta ɗan gurɗe, ana ɗaure ta, na fara takawa da sanda.

Takardunki biyu sun iso. Ta farko na karanta sau ɗaya, na ninke, na fita. Ta biyu na karanta sau uku. Abin da kika ce game da mahaifinki ya yi ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba, don akwai gaskiya a ciki. Matata ta yi mini tambaya mai kyau na amsa mata da tsawa. Ko da fesa kika rubuta da manyan baƙaƙe, hankali ya kamata ya tsayar da ni in tambaya. Zumuɗi ne ya ɗauke ni, an ba tsoho aiki. Don haka kada ki kwashe laifin duka, ki bar mini kasona. Yafiya kuwa na yafe, amma Goggonki sai kin zo da ƙafarki.

Kin ce kada in sake aiko komai. To, kin san halina. Kwana goma sha ɗaya ina bin rafin nan sama da ƙasa da gatari. Masu neman icen girki sun kwashe na kusa. Wanda na samu ko ja ne, ko mai ƙaro, ko ya ruɓe ya wuce misali ya zama laka. A rana ta goma sha ɗaya na hango wani gungume a ƙarƙashin gaɓa, rabinsa a binne cikin ganye, naman gwari ya jeru a jikinsa kamar kunnuwa. Garin sauka na zame. Na fi sa'a biyu a zaune a wurin ina ƙwala kira, ko an amsa ban ji ba, sai da wani mai kamun kifi ya dafa kafaɗata. Ya ce zai goya ni. Na ce, "Ka fara ɗora wa gungumen nan alama tukuna." Ya ce, "Baba, kanka ka buga?"

Da na samu sauƙi na sa aka jawo shi gida. Na zauna a kujera na fasa shi da gatari. Fasa, da a. Ciki fari sol, babu abin da ya taɓa shi sai ƙarfe. Buhu biyu na cika, suna tare da takardar nan, na ɗinke ta a bakin buhu don kada a sake.

Sai dai akwai wata magana. Da na kai tsakiyar gungumen, sai ga tsutsotsi sun zubo, farare, kaurin babban yatsana, kansu ja. Kafin in ankara kajin Goggonki sun yi kansu, sun hadiye biyu. Na jefa musu sandata. Na ƙirga goma sha huɗu, na mayar da su ramukansu, na haɗa itacen na ɗaure da igiya, na rufe da jiƙaƙƙen buhu a bayan shago. Rabin gungumen ban taɓa ba. A cikin ɓawon kuma na tsinci busasshen kan wani ƙwaro mai baki kamar awartaki. Yana cikin kwalin ashana a buhu na biyu. Ban sani ba ko irin naku ne, ko na banza ne da ke ko'ina. Wannan karon ba zan yi komai ba sai na tambaya. Me zan yi da su?

Baffanki.

*

Baffa,

Alhamdu lillahi da jin kana nan. Allah ya ba ƙafar lafiya, kuma don Allah ka zauna wuri ɗaya. Wannan takardar da injin ofis na buga ta, na kuma sa mutum biyu sun karanta.

Na jiƙa itacen yini guda, na gwada shi a kan tsutsa biyu, na jira kwana uku. Sun nutse ba su fito ba. Jiya na cika wa sauran. Ashirin da biyar ne yanzu, ɗaya ba ta jira ba. Yau da safe na kara kunne a jikin kwalba, ina jin su suna gurgura.

Kwalin ashanar a gaban shugaba na buɗe shi. Ta ɗauki kan da ɗan ƙarfe ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce in ɗauko ɗaya daga cikin tsoffin taran da muka adana. Ta jera su, ta ƙirga haƙoran bakin, ta sake ƙirgawa. Sannan ta jawo kujera ta zauna ta ce, "A ina baffan naki yake zaune?" Irinsu ne, Baffa. Shekara uku muna cewa sun ƙare a daji, ashe suna bayan garinku.

Ba za a kwashe kiwon ba. Rahoton kuskurena yana nan a fayil, kuma daidai ne ya zauna. Waɗanda suka mutu ba za su dawo ba, har yanzu ban iya kallon layin kwalaben da babu komai a ciki.

Amsar tambayarka: kada ka ƙara fasa gungumen, kada rana ta taɓa shi, ka riƙa yayyafa wa buhun ruwa safe da yamma. Shugaba ta so ta biyo ni, na ce ta bari sai wani makon, ina da maganar gida da zan fara yi. Ranar Alhamis zan taso a motar farko. Ka gaya wa Goggo ba sai ta kunna waya ba, a bakin ƙofarta zan durƙusa har ta gaji ta kula ni.

Amma kafin nan, ka lallaɓa ta, don girman Allah a kulle kajin.

'Yarka.